Sanyin Jos da shuke-shuken ado: ganye ya ƙone, zuciya na raye

Da ƙarfe shida na safe a Gada Biyu, cikin watan Janairu, da wuya ka gane fuskar kowa. Direbobin keke sun ja hular sanyi har gira, mata masu kai kaya kasuwa sun ɗora zani a kan suwaita, fasinjojin da suka kwana a hanya sun yi cincirindo a teburin mai shayi. Hazo ya lulluɓe duwatsun da suka kewaye gari, iska kuma na kaɗowa daga gabas tana tsaga leɓe.

Mutum yana da bargo, yana da ɗakin shiga. Shuka kuwa inda aka dasa ta, nan take kwana. Wanda ya bi hanyar Rukuba ko ya kutsa lungunan Kabong a wannan lokaci zai ga shaida a ƙofar gidaje da gaban shaguna: ganyen ayaba ya yage ya yi ruwan ƙasa, gwanda ta zubar da na ƙasa ta bar 'yan tsirarun na sama, fulawar da ke cikin tukwane ta yi yaushi.

Wadda ta fi ba da tausayi ita ce fen, shukar nan mai dogon ganye tsaga-tsaga da ake ajiyewa a baranda da harabar otal. A watan Satumba kore take shar. Kafin ƙarshen Janairu ta koma busasshiyar ciyawa. Maganar da ake yi ɗaya ce, wai sanyi ya ƙone ta. Daga nan sai a juye tukunya a bola, a jira damina a sayi wata.

Haka ake yi duk shekara, kuma asarar ba ƙarama ba ce ga masu gida da masu renon dashe. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, yawancin abin da ake zubarwa yana da sauran rai. Wanda ya mutu da gaske ma, ba sanyi kaɗai ya kashe shi ba.

Abin da ya sa Jos ta fi maƙwabtanta sanyi

Jos na zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, tsaunukan Shere da ke gabashinta kuma sun kai wajen mita 1,800. Kano ba ta cika mita 500 ba. Bisa ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6 a ma'aunin Salshiyas. Tun kafin a zo batun hunturu, tudu kaɗai ya ba Jos ratar digiri huɗu zuwa biyar.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai iskar arewa maso gabas ta sauko daga Sahara, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Busasshiyar iska ce ƙwarai, laimarta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Tunda babu girgije kuma babu tururi a sama, ɗumin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere da zarar rana ta faɗi.

Shi ya sa a tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu ma'auni kan sauka kusa da digiri 10 da asuba, a wasu shekarun ma ya gangara ƙasa da haka, sannan kafin azahar ya koma sama da 25. Wannan hawa da sauka a yini guda shi ke wahalar da shuka.

Sanyin kuma ba daidai yake ba a ko'ina. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka da dare takan gangara ta taru a kwari da fadama da bakin rafi. Gidan da ke gangaren rafi a Gada Biyu yakan kwana da sanyin da ya fi na gidan da ke kan tudu, ko da jifa ɗaya ne tsakaninsu. Ganyen da ke fuskantar sararin sama kai tsaye ma yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da 'yan digiri.

Baƙi a lambun gari

Wannan yanayi ne ya sa Jos ta zama garin fulawa. Tun da haƙar kuza ta kankama a farkon ƙarni na 20, Turawan kamfanoni da na mulki da na mishan suka riƙa kafa lambuna a Jos da Bukuru da Rayfield da Miango, suna dasa abin da ba zai yi a Kano ko Legas ba. Itacen turare ya zo ya rufe tuddan ƙasar da haƙar ma'adinai ta bari. A 1958 aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji, wadda yanzu ita ce Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos. Sana'ar renon dashe a bakin titi ta gaji wannan tarihi.

Sai dai yawancin shuke-shuken ado da ake sayarwa baƙi ne. Asalinsu dazuka ne masu laima, inda iska ba ta bushewa wata huɗu a jere. Damina a Jos, daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwan da ya kai wajen milimita 1,400 da hazon safiya, tana sa su ji kamar suna gida. Rani ke nuna ba haka ba ne.

Sarauniyar waɗannan baƙi ita ce bishiyar fen, wadda ke yin doguwar ganga kamar dabino, da rassan ganye a sama da kan wuce tsawon mita biyu. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da wani garin iri mai laushi da ke ƙarƙashin ganye take yaɗuwa.

Wadda ta fi suna a lambunan duniya ita ce Dicksonia antarctica, 'yar kudu maso gabashin Ostireliya da tsibirin Tasmaniya. Tsayinta ba ya ƙaruwa fiye da santimita 3 zuwa 5 a shekara, wato mai tsayin mutum ta haura shekara talatin. Akwai Cyathea cooperi, ita ma daga Ostireliya, wadda ta fi saurin girma amma ba ta kai ta jure sanyi ba. Afirka ma na da nata. Cyathea manniana da Cyathea dregei na tsirowa a bakin rafukan tsaunuka, kuma a Najeriya ana samun irin waɗannan bishiyoyi a tuddan Obudu da Mambila.

Abu biyu game da halittarta ke bayyana duk matsalar. Na farko, gangar jikinta ba katako ba ce. Siririyar zuciya ce da saiwoyi suka nannaɗe, kuma waɗannan saiwoyi a waje suke, suna shan ruwa daga iska da abin da ya zubo musu. Na biyu, wurin tohonta ɗaya ne tak, a ƙoƙon kai, inda sababbin ganye ke kwance a nannaɗe kafin su buɗe. Muddin wannan wuri na da rai, bishiya na da rai, ko da babu koren ganye ko ɗaya a kanta. Idan ya mutu, an gama.

Sanyi ne, ko ƙishirwa?

Masana tsirrai sun raba illar sanyi gida biyu. Akwai daskarewa, idan ma'auni ya kai sifili ko ƙasa, ruwan da ke cikin ganye ya zama ƙanƙara ya farfasa ƙwayoyin halittarsa. Irin wannan ganye yakan yi baƙi ya lanƙwashe cikin dare guda. Wannan ita ce masifar Turai, kuma ba kasafai ake ganinta a cikin garin Jos ba.

Akwai kuma ta biyu, wadda ba ta bukatar ƙanƙara. Tsirran ƙasashe masu zafi kan fara jigata tun daga wajen digiri 12 zuwa 10. Ayaba na daina girma da zarar an sauka ƙasa da kusan 14. Tumatir yakan zubar da fure idan dare ya yi sanyi da yawa. Saiwa kuma idan ƙasa ta yi sanyi sai ta rage jan ruwa.

Nan ne matsalar Jos take. Da asuba saiwa ta sandare ba ta aiki sosai. Da hantsi rana ta buɗe, busasshiyar iska ta taso tana zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa. Ƙura ta kwanta a kai ta toshe ƙananan ƙofofin numfashi. Sai gefen ganye ya fara bushewa, ya ci ciki, har ya gama da shi.

Ga bishiyar fen abin ya fi muni, domin saiwoyinta na sama a fili suke. Mai gida yana iya zuba ruwa a gindi kullum, amma ganga na bushewa a tsaye.

Ana iya bambance su da ido. Ganyen da ya yi baƙi ya yi laushi kwatsam bayan dare mai tsananin sanyi, sanyi ne ya taɓa shi. Wanda ya bushe a hankali daga baki, ya yi ruwan ƙasa yana karyewa a hannu, ƙishirwa da iska ne. Wanda ya huje ko ya yage da damina kuwa aikin ƙanƙarar sama ne, wadda Jos ta saba gani, kuma wannan ba ya kisa.

Yawancin abin da ake gani a gari na ƙishirwa da iska ne. Kuskuren da ke biyo baya shi ne mutum ya ce tunda ana sanyi shuka ba ta jin ƙishi, sai ya rage ban ruwa a daidai lokacin da ta fi bukata.

Yadda ake gane mai sauran rai

Ba a yanke wa bishiyar fen hukunci da ganye. Ƙoƙon kai ake dubawa. A sa yatsu a hankali cikin gashin da ke tsakiyarsa. Idan an ji dunƙulallun toho masu tauri, lafiya lau, jiran lokaci take. Idan an ji laushi da santsi da wari, ruɓa ta shiga.

Ko a haka ba a gaggawa. A kwashe abin da ya ruɓe da hannu, a tsane ruwan da ya taru, a bar wurin ya sha iska a inuwa. Sau da yawa tohon da ke can ƙasa yana nan daram, sai dai zai fito a makare, ganyen farko kuma su fito gajeru.

Ƙananan fen na tukunya sun fi sauƙi. A tona gefe kaɗan a duba saiwa da gindin shuka. Mai tauri, mai ɗanyen ciki, za ta tofo. Haka ayaba: ko an sare uwar, gindin da ke cikin ƙasa zai fitar da 'ya'ya. Ƙaramin mangwaro ko piya kuwa a kankare bayan reshe da farce, in an ga kore yana raye.

Ɗabi'ar bishiyar fen a dajinta na ƙarfafa wannan haƙuri. A tuddan Afirka ta Kudu, Cyathea dregei na tsaye a filin ciyawa inda raɓa ke daskarewa da dare, gobarar daji kuma ke bi ta kanta. Takan rasa ganyenta kakaf, amma da ruwa ya sauka sai ta buɗe sababbi. Zubar da ganye hanyar tsira ce a wurinta.

Saboda haka kada a tumɓuke komai a Fabrairu. A jira damina ta zauna, wato ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Babbar bishiya ma a ba ta damina guda cur kafin a fid da rai.

Jinya da rigakafi

Abu na farko, a bar almakashi. Busasshen ganye ba shi da kyan gani, amma shi ne rigar da ke tare iska da rana daga ƙoƙon kai. A tanƙwaso shi sama a ɗaure sako-sako, a bar shi har sai sabon toho ya fara buɗewa.

Wannan ya fi muhimmanci saboda abin da ke biye da sanyi. Maris da Afrilu su ne watannin da suka fi zafi a Jos, ma'auni kan kai 30 ko ya ɗan wuce, ruwa kuma bai zauna ba. Shukar da ta tsallake Janairu da ƙyar, aka kuma aske ta, bazara ce ke ƙarasa ta.

Na biyu, ban ruwa. A jiƙa gangar daga sama har ƙasa, ba gindi kaɗai ba. Da hantsi ya fi, bayan rana ta ɗan ɗumama wuri, domin kafin dare ruwan da ke ƙoƙon kai ya tsane. A watsa wa ganye ruwa a wanke ƙura ko sau biyu a mako. Ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumin rana, saboda haka ban ruwa kansa kariya ce daga sanyin dare.

Na uku, sutura. Buhun algarara da aka jiƙa aka naɗe ganga da shi yana riƙe laima yana kuma barin iska ta shiga. A makonnin da sanyi ya fi tsanani, a ɗora ɗan busasshen karan acca a ƙoƙon kai ba tare da dannawa ba. Bayan girbi ba a rasa shi a ƙauyukan da ke kewaye da gari. Ƙananan tukwane a rufa musu tsohon zani da magariba, a yaye da safe.

Leda kuwa a guje ta. Inda ta taɓa ganye ba ta hana sanyi, da rana kuma sai ta tara zafi da gumi ta dafa abin da ke ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na huɗu, wuri. Zana ko asabari da aka kafa ta ɓangaren arewa maso gabas yana rage ƙarfin iska sosai. Ba sabuwar dabara ba ce a wannan ƙasa, domin shingen ƙerana da Birom ke kewaye gonaki da gidaje da shi ya daɗe yana tare dabbobi da iska. Tukwane a tara su wuri ɗaya, a jikin bango ko ƙarƙashin bishiya ko rumfa. Bango yana sakin ɗumi da dare, rumfa tana hana shi tserewa sama, taron shuke-shuke kuma yana riƙe laima.

Na biyar, a rufe gindi da ruɓaɓɓen ganye ko buntun shinkafa, kauri kamar faɗin tafin hannu. Sai dai a sa ido, domin gara na son busasshiyar ciyawa da buhu. A riƙa ɗagawa ana dubawa, kuma kada abin rufin ya manne da gangar.

Na ƙarshe, kada a ba mara lafiya abinci mai nauyi. Takin zamani ko ɗanyen kashin kaji, wanda ke da yawa a Jos saboda gidajen kiwon kaji, yana ƙone saiwar da ta riga ta jigata. Tokar juji da masu lambu ke amfani da ita ma ba ta dace da fen ba, domin ta fi son ƙasar kurmi mai ruɓaɓɓen ganye da ɗan tsami. A jira sabon ganye ya buɗe, sannan a sa takin gargajiya da ya ruɓe sarai.

Shawarar Ingila da ƙasar Filato

Mai neman bayani a intanet yawanci shawarar masu lambun Ingila zai tarar. Can bishiyar fen tana da tsada da daraja, kuma sanyin Disamban 2010, wanda aka shekara kusan ɗari ba a ga Disamba irinsa ba, ya kashe masu yawa. Shi ya sa suke cusa ciyawa a ƙoƙon kai, su naɗe bishiya da mayafi na musamman watanni, su kuma rage zuba ruwa a kai don kada ya daskare.

Hunturunsu jiƙaƙƙe ne mai duhu. Namu busasshe ne mai rana. Wanda ya kwafi tsarinsu dungurungum a Jos, ya naɗe bishiya ruf ya daina ba ta ruwa, ya taimaka wa abin da ke kashe ta. Abin ɗauka a wurinsu shi ne kare ƙoƙon kai da yin haƙuri. Sauran sai a auna da yanayin gida.

Kowa da inda abin ke masa ciwo

Masu renon dashe su ke fara ɗanɗanawa. Jarinsu a fili yake kwana, cikin ƙananan ledoji masu 'yar ƙasa da ke bushewa cikin sa'o'i. Kukansu shi ne ruwa. Da rani rijiyoyi kan ja baya, famfo ba kullum ba, sai an sayi ruwa a hannun 'yan garuwa ko tanka. Ga shi lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ne ake neman kayan ado, daidai lokacin da kaya suka fi lalacewa.

Masu saye kuma na ƙorafin ana sayar musu da abin da ba ya ƙarko, ba tare da an faɗa musu inda za su ajiye shi da yadda za su kula da shi ba. Masu sayarwa na mayar da martani cewa mai saye kan ɗauki shukar inuwa ya dasa a tsakiyar tsakar gida mai siminti, ya manta da ita, sannan ya dawo da fushi. Kowanne da gaskiyarsa. Bayanin minti biyu a wurin ciniki zai rage rabin wannan gardama.

Akwai masu ganin duk wannan almubazzaranci ne, a unguwar da mata da yara ke layin ruwan sha. Maganarsu na da nauyi. Amsar da ta dace ita ce a rage yawan shukar da ke shan ruwa, a kuma sake amfani da ruwan da aka riga aka yi aiki da shi. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya duk sun wadatar, in dai babu omo ko gishiri ko maiƙo a ciki.

Ga manoman rani kuwa sanyi alheri ne. Kabeji da karas da latas da koren wake da ke cika kasuwar Farin Gada kafin su wuce kudu da arewa, sanyin nan ke sa su yi kyau. Da shi ake noman sitiroberi a Chaha kusa da Vom, da dankalin Turawa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, wasu da ruwan tafkunan da haƙar kuza ta bari. Shekarar da sanyi bai yi ba, su ne masu kuka.

Wannan na nuna laifin ba na yanayi ba ne. Manomi ya zaɓi abin da ya dace da lokacinsa. Mai lambun ado ne ke dasa ɗan kurmi a fili, ya sa ran zai rayu ba taimako.

Kurmin da ake kwasowa

Akwai wata asarar da ba ta gidan kowa ba. Fen iri-iri na tsirowa da kansu a kurmin bakin rafuka da tsagar duwatsun Filato. Idan abin da ke tukunya na mutuwa duk shekara, hanya mafi arha ta cike gurbi ita ce a shiga daji a tono wani.

Duniya ta taɓa ganin ƙarshen wannan. A ƙarni na 19 son fen ya zama yayi a Birtaniya, aka yi ta tonowa daga dazuka har wasu ire-iren suka kusa ƙarewa a wuraren da suka saba fitowa. Yau dangin Cyathea na cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, Najeriya kuma na cikin wannan yarjejeniya. A Tasmaniya, kowace gangar da za a fitar sai da lambar izini a jikinta.

Ga wata gaskiya da ya kamata mai saye ya sani. Dicksonia idan aka sare gangarta aka kafa a ƙasa takan yi sabuwar saiwa. Dangin Cyathea, wato irin na tsaunukanmu, yawanci ba sa yin haka. Wanda aka kawo masa sararriyar ganga daga daji, mai yiwuwa ta buɗe ganye sau ɗaya da ragowar ƙarfinta, sannan ta mutu.

Kurmin kansa yana cikin matsi. Sanyi na ƙara neman itace da gawayi, masu farauta na cinna wa daji wuta da rani, gari kuma na faɗaɗa. Wurare irin su dajin Amurum a Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis ke aiki tare da Jami'ar Jos, na nuna yadda bakin rafi ke kasancewa idan aka bar shi da inuwarsa.

Aikin Oktoba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin shiri shi ne Oktoba, da ruwa ya fara ɗaukewa: a tanadi buhu da zana da karan acca, a mayar da tukwane inuwa, a rufe gindi tun ƙasa na da danshi, a daina sa taki don kada shuka ta shiga sanyi da ɗanyen toho. Sabon dashe kuma a bari sai Mayu, ya sami damina guda ya kafu.

Hukumomi ma da nasu rabon. Hasashen da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa zai fi amfani idan gidajen rediyon jihar suka riƙa sanar da daren da ake sa ran tsananin sanyi da Hausa da sauran harsunan Filato. Kwalejin Gandun Daji da sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Jos kuma suna da ilimin da za su koya wa masu renon dashe yadda ake tsirar da fen daga garin irinta. Aiki ne mai ɗaukar watanni kafin a ga ganyen farko, da shekaru kafin a sami abin sayarwa, amma ba ya cin kuɗi da yawa, kuma wanda ya iya shi ba ya bukatar shiga kurmi da gatari.